Adakar barguna: na fi son firam da allo a kan haɗin haƙora

A nan Amurka inda nake zaune, kusan duk wanda ya ɗauki aikin katako a matsayin abin sha'awa na ƙarshen mako, wata rana sai ya ce zai ƙera adakar barguna. Dalilin a fili yake. Ƙasar sanyi ce, kowane gida na da tulin barguna da rigunan ulu waɗanda ba a taɓa su rabin shekara, kuma adakar da ake ajiyewa a ƙarshen gado ta daɗe cikin kayan ɗakinsu. Ga ta da sauƙin fasali: gefe huɗu, gindi, murfi. Abin da ke damuna shi ne yadda masu koyo ke auna kyawun aikin. Da an ce adaka, hankalin kowa sai ya koma kan kusurwa, a ga ko mutum ya iya yanka haƙoran nan masu faɗin baki da ke shiga cikin juna. Wanda ya iya su, an sallama masa. Ni kuwa a ganina ba a nan adaka ke mutuwa ko rayuwa ba.

Katako, ko bayan an sare bishiya an busar da shi, bai daina shan laima yana amayar da ita ba. Idan ya sha ya kumbura, idan ya bushe ya tsuke. Kuma ba ko'ina yake motsin daidai ba: ta tsawonsa kusan ba ya motsi sam, ta faɗinsa ne yake yi. A gidajen nan abin ya fi tsanani, domin da hunturu na'urar ɗumama ɗaki na ƙafar da iska ƙarƙaf, da bazara kuma danshi ya dawo. Katakon da aka busar a tanda domin kayan ɗaki yakan zo da laima kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. A ce murfin adaka na jan ok ne, wani katako mai tauri, mai faɗin santimita 50, laimarsa ta hau ko ta sauka da kashi 4 tsakanin hunturu da bazara. Wannan murfin zai iya ƙaruwa ko raguwa da kusan milimita 7. Na katakon ceri zai yi wajen milimita 5. A ido ba wani abu ba ne, amma babu gam ko ƙusar da za ta hana shi. In aka ɗaure shi tamau, ko ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko ya ɓalle abin da ya riƙe shi.

Da wannan ma'aunin nake kwatanta hanyoyin ƙera adaka.

Mafi tsufa kuma mafi sauƙi ita ce ta alluna shida, wadda mutanen arewa maso gabashin Amurka suka yi ta yi tun ƙarni na 17. Faffaɗan allo ɗaya a kowane gefe, a buga da ƙusa. Bisa ƙa'ida bai kamata ta daɗe ba, saboda allunan gefe biyu a tsaye suke don su zama ƙafafu, na gaba da na baya kuma a kwance, wato motsinsu ya saɓa. Amma da yawa sun kai yau. Ƙusa ce ta cece su, don tana ɗan lanƙwasawa ta bi katako, kuma mafi yawansu na fain ne, katako mai laushi wanda ba ya jayayya da ƙarfi. Wanda ya kwaikwayi wannan fasalin da katako mai tauri, ya shafa gam daga sama har ƙasa, ya cire abin da ya raya na da ɗin ke nan.

Haɗin haƙora ba shi da wannan matsalar a kusurwa, kuma dole in ba shi haƙƙinsa. Duk gefunan huɗu a kwance suke, suna kumbura tare suna tsukewa tare. Adakun Jamusawan da suka zauna a Pensilbaniya a ƙarni na 18, masu fenti da zanen furanni, da yawansu haka aka haɗa su, kuma ƙarfinsu ba abin musu ba ne. Sai dai su sun samu alluna masu faɗin da yau da wuya a samu. Mai koyo na yanzu sai ya jera ƙananan alluna uku ko huɗu ya manne su kafin ya samu gefe ɗaya, sannan ya yi fama da shi kada ya karkace kafin ya gama yanka. Ga nauyi. Adakar ok da aka yi da cikakken katako ta ko'ina, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta. Abin da ya fi ba ni takaici kuma, na sha ganin adakar da kusurwarta ta yi kyau kamar ka lasa, amma mai ita ya ƙarar da duk haƙurinsa a can, da ya zo kan gindi da murfi sai ya ɗaure su da gam ya huta. Bayan hunturu biyu, tsaga ta bayyana a tsakiyar murfi.

Firam da allo tun daga tushe an gina shi ne a kan sanin cewa katako zai motsa. Ana yin firam da siraran katakai, a haɗa su ta hanyar fere harshe a bakin ɗaya a cusa shi cikin ramin da aka sassaƙa a ɗayan. A cikin firam ɗin akwai tsagi zagaye, allon tsakiya ya zauna a ciki ba tare da gam ba. In ka sa tafin hannu a kan allon da aka yi daidai ka ɗan tura, za ka ji ya gusa kaɗan. Wannan gusawar ita ake nema. Da bazara ya bazu cikin tsagin, da hunturu ya ja jikinsa, firam ɗin kuwa yana nan yadda yake saboda siriri ne, motsinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai ɗan abin lura guda: a shafa wa allon mai ko fenti kafin a haɗa, in ba haka ba idan ya tsuke za a ga farin layi a gefensa inda shafin bai kai ba. Ga mai aiki a gareji da ƙananan kayan aiki, wannan hanya ta fi rangwame. Ba ya buƙatar faffaɗan katako, adakar ta fi sauƙin ɗauka, kuma in wani yanki ya lalace wajen yanka, ɗan guntu ne ya yi asara.

Masu son haƙora za su ce firam da allo na da ɗaukar lokaci, guntaye sun yi yawa, kuma cikin adakar ba ya fita sumul. Gaskiya ne. Na yarda da wannan farashin.

Murfi shi ne wurin da kowace hanya ke haɗuwa da gaskiya, don shi ne katako mafi faɗi kuma ba abin da ke riƙe da shi sai hinji. Ana hana shi lanƙwashewa da sanduna biyu a ƙarƙashinsa, ko da katako a kowane baki a gicciye. Ko wanne aka zaɓa, a tsakiya kaɗai ake ɗaurewa da ƙarfi. Sauran ramukan sukuru ana tsawaita su ne don sukurun ya samu wurin zamewa. Idan ok ne, a nemi sukurun tagulla, domin sinadarin da ke cikin ok na haɗuwa da baƙin ƙarfe da danshi ya bar baƙin tabo.

Batun wane katako kuwa, ba na tsawaita shi. Ceri na da daɗin yanka kuma launinsa na ƙara duhu da ja idan haske na dukansa. Walnot kyakkyawa ne amma da tsada. Mapul mai tauri yana cinye kaifin kayan aiki. Duk wanda ka saya, ka jera shi da ƙananan sanduna a tsakani, ya yi mako biyu a ɗakin da za a yi aikin kafin ka sa masa zarto. A gindi kuma ban ga laifin filawud ba, tunda ba ya motsi kuma ba mai ganinsa. Abin da ba na so shi ne allon garin katako da ake matsewa a masana'anta, irin na kayan ɗakin da ke zuwa a kwali. Shi ma ba ya tsagewa, amma ruwa na taɓa shi ya kumbura ba komawa, kuma sukurun hinji ba ya daɗewa a jikinsa ga murfin da ake buɗewa kullum.

Mutane da yawa na shimfiɗa katakon jan sida a cikin adaka saboda ƙamshinsa da kuma korar asu. Ƙamshin na raguwa da shekaru, amma in an ɗan goge da samfefa sai ya dawo. Kada dai a dogara da shi kaɗai: wanke bargo kafin a ajiye da murfin da ke rufuwa daidai sun fi shi aiki. Kuma kada a shafa mai a cikin adaka, don warinsa ba ya fita a rufaffen wuri, barguna ne za su kwashe shi.

Rufuwar nan ta murfi ce ta kawo ni ga abin da ban yarda a yi wasa da shi ba. Adaka daidai girman yaro take, kuma yara na son ɓuya. A 1996 kamfanin Lane na jihar Bajiniya, tare da hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, ya yi shelar a canza makullan adakun sida wajen miliyan 12 da ya ƙera tsakanin 1912 da 1987, saboda makullin na datsewa da kansa da an rufe murfi, kuma yara sun mutu a ciki don rashin iska. Har yau irin waɗannan adakun na yawo a kasuwar tsofaffin kaya. Mai ƙera tasa a gida ba shi da uzuri. Kada ya sa makullin da ke kulle kansa. Ya sa madogarin da ke riƙe murfi a duk inda aka sake shi, don murfin ok mai kaurin santimita 2 in ya faɗo kan yatsu ko wuyan yaro ba ƙaramin abu ba ne. In akwai ƙananan yara a gidan, ya bar 'yar kafar iska a ƙarƙashin bakin murfin ko a baya, ko da asu zai samu hanya ta nan.