Shaida ba farautar membobi ba ce

A Jos, in aka ce shaida, yawancinmu abu biyu ke zo mana: mutum ya miƙe a sujadar Lahadi ya faɗi yadda Allah ya warkar da shi, ko mai wa'azi ya kafa lasifika a kasuwar Terminus. Duka suna da wurinsu. Amma a tunanin haɗin kan ikilisiyoyi, shaida ta fi haka faɗi, kuma aikin dukan jikin Almasihu ce tare.

Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, wadda aka kafa a Amsterdam a 1948, ta gina taronta na New Delhi a 1961 kan shaida da hidima da ɗayantaka. Tushen yana cikin Yohanna 17:21, inda Yesu ya roƙa mabiyansa su zama ɗaya domin duniya ta gaskata. Ke nan in ɗan cocin COCIN ya bi gida gida yana zuga 'yan cocin ECWA ko Katolika su baro cocinsu, ya rushe abin da yake da'awar ginawa. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai ƙwarai, domin maƙwabtanmu Musulmi suna gani.

A 2011 majalisar, da Fadar Paparoma, da ƙungiyar Ikilisiyoyin Bishara ta Duniya, suka fitar da matsaya guda: a yi shelar bishara a fili, amma ban da yaudara, ban da tilas, ban da sayen zuciyar mabukaci da buhun masara ko kuɗin makaranta. Haka kuma ban da yi wa addinin wani ƙage.