An Ƙera Shi Don a Sake Tsara Shi, Sun Sa Masa Kwaɗo

Jiya wakilin kamfanin da ya ƙera na'urar sarrafa famfunan ruwan da nake kula da su ya kai ni bango. Na'urar lafiyarta ƙalau. Sensar auna matsin ruwa ce ta mutu, sabuwar da aka samu kuma tana aika saƙo da wani tsari daban. Na buɗe allon lantarkin na'urar, ga FPGA zaune a tsakiya, wato ƙaramin guntun lantarkin da ake iya sake tsara aikinsa, ga ramukan JTAG a gefensa, inda ake jona waya a loda masa tsari. Abin da ya rage kawai a loda masa sabon tsari.

Na kira, na gaishe shi da ladabi, na ce, "Yallaɓai, fayil ɗin tsarin nake nema, ko ku loda da kanku in biya."

Ya ce, "Malam, wa ya ba ka izinin buɗewa?"

Na ce ai kayanmu ne, da kuɗinmu muka saya. Ya ja tsaki, ya ce wannan samfurin sun daina kula da shi, in sayi sabon allo. Na ce, "Yallaɓai, ai amfanin FPGA ke nan, a canja masa aiki ba tare da an taɓa ƙarfen walda ba." Sai ya ce, "To zo ka koya mana aikinmu," ya kashe waya.

Wallahi abin ya ci mini rai. Tun 1985 kamfanin Xilinx ya fitar da FPGA mai suna XC2064 don injiniya ya rubuta da'irarsa, in buƙata ta canja ya sake rubutawa. Ba kamar ASIC ba, guntun da ake ƙerawa don aiki ɗaya tak, wanda in an ƙera shi an gama magana. FPGA yana gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda, yana amsa sensa a kan kari, har motar binciken Perseverance da ke duniyar Mars tana ɗauke da shi. Mu kuwa an kulle mana shi, an riƙe makullin, shekara da shekaru muna jibge alluna masu rai a shara.

Ina hukumomin da ke ba kayan nan lasisin shigowa? Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024. Sauran gwamnatoci me suke jira? Haraji suna karɓa a kan kowane allo, amma babu mai tilasta wa kamfani ya saki fayil ɗin na'urar da ya daina kula da ita. Makarantu ma suna yaye masu gyara da ba su taɓa ganin layi ɗaya na Verilog, yaren da ake rubuta tsarin FPGA da shi, ba, kuma babu wanda abin ya dama!