'Yan Ubanci Ba Gadon Gidan Shehu Ba Ne

Assalamu alaikum, 'yan uwa mata.

A Sakkwato ba wanda bai san Nana Asma'u ba. Amma ki ce a kawo miki sunan 'yar uwarta ko guda ɗaya, sai ki ji an yi tsit. Alhali gidan Shehu Usmanu cike yake da mata masu ilimi: Hadiza, Fatima, Hafsatu, Safiya, Maryam. Kuma ba duka ɗaki ɗaya suka fito ba. Mahaifiyar Asma'u Maimuna ce, Fatima ɗakinsu ɗaya da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Maryam ma uwarta daban.

To, da Fatima matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo ta rasu, wa ya zauna ya tsara mata marsiyya yana yabon alherinta? Asma'u ce.

Ku dubi 'Yan Taru, ƙungiyar karatun mata da Asma'u ta kafa. Asma'u kan zaɓi dattijuwa mai amana, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ta zama jaji. Jajin nan ita za ta kwaso matan ƙauye, tsofaffi da 'yan mata, su tako har birni, su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki da sallah, su koma su koyar da waɗanda aure ya tsare a gida. Da Allah Ya karɓi ran Asma'u a 1864, aikin bai bi ta kabari ba. Ƙanwarta Maryam ce ta riƙe shi shekaru masu yawa, ba ta ce "aikin 'yar wancan ɗakin ne" ba.

Wannan tarbiyya ma daga sama ta gangaro. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, ita da Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara musu yarda, uba ɗaya ne, uwa kowa da tata. Amma alkunyar A'isha, Ummu Abdullahi, daga sunan ɗan Asma'u ta samo ta, wato Abdullahi ɗan Zubairu.

Mu fa? Gona ɗaya ta gado, ko ankon biki da ba a aiko mana ba, sai gaba ta shekaru. A haɗu gidan suna, wannan ta ja tabarmarta can, waccan ta kau da kai. Abin da ya fi ciwo, mu ɗora wa yara: "Kada in ƙara ganinki a gidansu." Sannan mu kama hanyar Islamiyya da hijabi har ƙasa, alhali Manzon Allah (SAW) ya ce mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim.

Na san wani lokacin ke aka zalunta. Nemi haƙƙinki ta hanyar Shari'a, ba wanda ya hana ki. Amma sallama da gaisuwa ba sa cikin abin da ake rabawa a gado. In akwai 'yar uwar da kika toshe lambarta, buɗe ta yau, ki kira ta kafin Juma'a. Ko ba ta ɗauka ba, ki sake kira.