Kakarsu da tamu

Wata Asabar a ƙarshen Satumba maƙwabciyata, tsohuwa ce da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da kwando da wata 'yar wuƙa mai buroshi a ƙota. Ta ce in sa takalmin ruwa mu tafi daji. Na ce daji kuma, yin me? Ta ce tsintar naman kaza. Da ƙyar na danne dariya. A ƙauyenmu, can wajen Kazaure, laimar kwaɗi muke ce wa abin nan, idan ya tsiro a kan juji bayan ruwa ƙwallo muke yi da shi. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya kai shi baki ba.

Shekarata shida ke nan a Uppsala, a ƙasar Suwidin, kuma har yau kakarsu, wato lokacin kaka, ba ta daina ba ni mamaki ba. Tamu lokacin cikar rumbu ce, lokacin dambe da bukukuwan aure da sabon tuwon gero. Tasu kuwa ganye ne ke yin ja da rawaya yana zuba, rana na gajarta kullum, kowa na shirin shiga ɗaki na wata biyar. Amma kafin su shige, sai sun bazama daji kamar an yi musu shela. Akwai naman kazan da suke kira kantarell, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, a soya shi da man shanu a ɗora kan burodi. Akwai wani mai kauri da suka sa wa sunan sarkinsu Karl Johan, Bafaranshen nan da ya hau gadon sarauta a 1818. Akwai lingon, 'ya'ya jajaye ƙanana masu tsamin da ke tuna mini zoɓon da ba a sa wa sukari ba, suna dafa su su ci da nama har shekara ta zagayo. Akwai kuma blåbär, wanda ke baƙanta harshe da yatsu, ranar da na fara cinsa ɗinya ce ta faɗo mini a rai, har sai da na tsaya cak a cikin daji. A bakin hanya kuma za ka ga kwali cike da tuffa a ƙofar gida, an rubuta cewa mai so ya ɗiba.

Tsohuwar ta sa na yi mata alkawarin ba zan nuna wa kowa wurin da muka je ba. Nan ne na fara jin kamar ina gida. Mu ma yaron da ya gano kanyar da ta nuna, ko abokinsa na ƙut da ƙut ba ya faɗa wa sai ya ƙoshi.

Suna da wata doka da suke alfahari da ita, allemansrätten, wato haƙƙin kowa. Kana iya shiga dajin wani, ka yi yawo, ka tsinci 'ya'yan itace da naman kaza, har ka kwana dare ɗaya a tanti, in dai ba ka kusanci gidan mutum ba, ba ka taka shuka ba, ba ka karya reshe ba. Tun 1994 take cikin kundin tsarin mulkinsu. Da tsohuwar ke yi mini bayani cikin taƙama, sai na ce mata ai mu ma muna da ita. Magarya da aduwa da kurna da taura da ke cikin daji na duk wanda ya riga isa ne. Idan an gama girbi, mata da yara na shiga gonar kowa su yi kala, su yi roron gyaɗa, mai gona ba ya cewa uffan. Ɗorawa da kuka da ke tsakiyar gona ne kawai ke da mai su, su ma abin da iska ta kaɗo ba a hana yaro. Bambancin shi ne tasu a rubuce take, tamu a bakin dattawa. Shi ya sa ranar da wani mai kuɗi ya sayi fili ya zagaye shi da waya, ko masu gawayi suka far wa kanya da gatari, babu takardar da tsohuwar ƙauye za ta ɗaga ta ce nan muke tsinta tun kaka da kakanni.

Amma ba dokar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Daraja ce. A nan farfesa zai zo ofis ranar Litinin yana nuna hoton kwandonsa a waya kamar wanda ya sayi sabuwar mota. Yara tun suna makarantar raino ake kai su daji ana koya musu sunan kowane tsiro. Mu kuwa wanda ya yi boko ya samu albashi, abu na farko da yake jefarwa shi ne kwaɗon tafasa da yaɗiya. Idan baƙo ya zo aka kawo masa ɗinya a faifai, sai an haɗa da ban haƙuri. Na san mutanen da za su saya wa 'ya'yansu tuffa da aka yi safararta daga wata ƙasa, amma su hana su gwaguyar goruba wai ƙazanta ce.

Ba na ganin laifin iyayenmu a kan wannan, domin na san daga inda abin ya samo asali. Wanda ya ga yunwar 1973 da ta 1984 ya san lokacin da ganyen daji ya zama shi ne tuwo shi ne miya. A Nijar a 2005 mutane sun koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Abin da ka ci da hawaye ba ka yi masa kirari. Mutanen Suwidin ma sun taɓa yunwa, a shekarun 1860 har garin ɓawon itace suka riƙa cakuɗawa cikin burodi, sai dai su tazarar ta yi nisa har tsinta ta koma shaƙatawa. Mu ba mu samu wannan tazarar ba. Duk da haka ina ganin mun yi gaggawar jin kunya, kuma kunyar tana cin mana dukiya. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta. Yanzu ina ganinsa a shagunan kayan lafiya cikin 'yar leda mai ƙyalli, da farashin da in na faɗa wa Inna za ta ce na zautu. Garin nan ne fa da muke damawa mu sha idan babu nono. Man kaɗanya kuma yana cikin man shafawarsu, har cikin cakulan.

Kada in yi musu kwalliyar da ba su da ita. Yawancin lingon da blåbär da ake sayarwa a kanti ba 'yan ƙasar ne ke tsinto su ba. Shekara da shekaru dubban manoma ne aka riƙa kwasowa daga arewa maso gabashin Tailan, su wuni a sunkuye cikin sauro a dazukan arewa, wasu su koma gida da bashin kuɗin jirgi idan shekarar ba ta yi albarka ba. Shi ɗan ƙasa tsintar nishaɗi yake yi ta awa biyu, ya zauna kan dutse ya sha kofi. Kuma dajin ba wasa ba ne. Akwai wani farin naman kaza mai kyan gani da ke lalata hanta, baƙin da suka zo daga waje ya fi kamawa, domin yana kama da wanda suka saba ci a ƙasashensu. Ni dai ba na sa komai a kwando sai tsohuwar ta juya shi ta duba ƙarƙashinsa. Ga kaska a cikin ciyawa, wadda mu a jikin shanu muka san ta, a nan kuwa har allurar rigakafi ake yi saboda ciwon da take sawa.

Abin da ya fi yi mini ciwo a ranar wani ne daban. Matar nan ta haura saba'in, tana shiga daji ita kaɗai, daga ita sai wayarta, abin da kawai take kiyayewa shi ne ta sa riga mai haske saboda maharba. Na tuna matan ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu da na Birnin Gwari, waɗanda ko itacen girki ba sa iya nisa su samo. Ka ce wa irin waɗannan su riƙe ilimin itatuwan daji, ai kamar ka ce wa mai zazzaɓi ya yi rawa ne. Inda hankalina ke ɗan kwanciya shi ne wajen Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, har gonakin da suka zama fako suka sake yin inuwa.

Da daddare na kira gida. Na tambayi ƙanena ɗinyar nan ta hanyar rafi, ya ce tana nan, Yaya, ta yi 'ya'ya bana sosai, sai dai awaki ne ke cinyewa, yara sun fi son biskit. Inna ta karɓi wayar ta ce me na ci yau. Na faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, duk karatun naka, ka je ƙasar Turawa ka ɓuge da cin laimar kwaɗi?" Ta ce in an samu mai zuwa bayan sanyi ya shiga za ta aiko mini da magarya da aduwa da kuka, in daina abin kunya a gaban mutane. Na ce ta ƙara da goruba guda biyu, akwai tsohuwar da nake so in ga yadda haƙoranta za su yi da ita.