Ku amsa tambayar, ku bar asalin mai tambaya

Duk wanda ya zo taron unguwarmu jiya bayan Isha'i ya ga abin da aka yi wa yaron nan, kuma wallahi har yanzu raina bai huce ba. Tambaya ɗaya ya yi, a durƙushe, hularsa a hannu: "Baba, kuɗin gyaran burtsatse da aka karɓa gida-gida, ina aka kwana?"

Amsar farko: "Kai ɗan gidan wa? Yaushe ma kuka tare a unguwar?" To ko jiya suka tare, lissafin kuɗin ya canza ne? An bar magana an koma kan mai magana. Wani ya karɓe: "Wato mu ɓarayi ne ke nan." Yaron bai ce ɓarawo ba, kun ɗora masa maganar da bai faɗa ba don ita ce mai sauƙin rusawa. Na uku ya ce ko dai a yarda da kwamiti ko mata su dawwama a hannun 'yan garuwa, kamar babu hanya ta uku, wato a fito da takarda a karanta. Daga ƙarshe aka rufe shi da karin magana: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Aka yi tafi, aka watse. Ba a faɗi ko naira ɗaya ba.

Karin magana ado ne, kamar aikin wuyan riga. Ina sonta, ina koyar da ita a aji tare da sauran adon harshe irin su kamantawa da mutuntarwa da kambamar zulaƙe. Amma ado ba hujja ba ne. Idan babba ya hango, ya gaya mana abin da ya hango, mu ma mu gani. Habaici da gugar zana suna sa majalisa dariya, ba sa fito da ruwa a famfo.

Na san za a ce ina zuga yara su raina manya. A bar wannan. Yaron ya fi da yawanmu ladabi a daren jiya, kuma girma ba ya zubewa don an nuna rasit.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Katsina ake wannan. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Garin da Shehu Magili ya zauna a ƙarshen ƙarni na 15, mutumin da ya yi wa Imam Suyuɗi, babban malamin Masar, martani a waƙe yana kare ilimin manɗiƙi (wato ilimin tsara hujja da hankali), Suyuɗi ma ya mayar masa a waƙe. Sun saɓa ƙwarai, amma kan hujja suka tsaya. Muhammadu al-Katsinawi ya tafi har Masar da ilimin lissafi, can ya rasu a 1741. Mu jikokinsu lissafin burtsatse ɗaya ya gagare mu, sai tone-tonen asali.

Ku amsa tambayar. Nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya rage.

Af, da na ambaci Magili: don Allah duk wanda ke da baitocin nan nasa da na Suyuɗi, ko a hoto ne, ya turo mini. Nawa kwafin na ara wa wani ɗalibi tun kafin azumi, kuma ina so in karanta wa 'yan ajina ranar Litinin kafin mu je Hasumiyar Gobarau.