"Ni pukha ni pera" fatan alheri ne, ba baki ba

Don Allah ku daina yaɗa fassarar nan. Tun jiya ake cewa wai malama 'yar Rasha ta yi wa ɗalibanta baki ranar jarrabawa da ta ce musu "Ni pukha ni pera", su kuma suka rama da "K chortu". Fatan alheri ta yi musu, kuma amsar da suka ba ta ita ce daidai.

Asalin maganar ta mafarauta ce. "Pukh" gashi ne mai laushi, a bakin maharba yana nufin dabba irin su zomo. "Pero" gashin tsuntsu ne, wato tsuntsayen farauta. Idan ka haɗa, ma'anar ita ce: kada ka samo dabba, kada ka samo tsuntsu. Mutanen Rasha na da sun yi imani daji yana da mai shi, Leshi, wanda ke kare namun daji yana ɓatar da masu shiga. Idan aka yi wa maharbi fatan sa'a a fili, iskoki za su ji su ɓata masa farautar. Sai a faɗi akasin abin da ake so, a ruɗe su. Duk Bahaushen da ya san tsoron kambun baka ai ya gane wannan tunanin.

Masu cewa ai "K chortu" na nufin "tafi wurin shaiɗan", gaskiya ne, haka kalmomin suke. Amma dole maharbi ya nuna kamar an ɓata masa rai, in ba haka ba dabarar ta tonu. Shi ya sa ba a amsa da "spasibo", wato na gode. A wurinsu godiyar ce ke zubar da sa'ar. Na'urar fassara kalma take gani, ba ta san daji ba.

Ɗalibi Musulmi da ba ya son ambaton shaiɗan, murmushi ya ishe shi. Amma kada ya ƙullaci wadda ta yi masa fatan alheri, kada kuma mu ɓata mata suna daga nesa.

'Yan ƙasar Cek ma kafin jarrabawa "Zlom vaz" suke cewa, wato karya wuyanka, shi ma fatan alheri ne.