Mutumin da ya yi wata huɗu da rabi yana motsa ƙwarangwal

Daren jiya na zauna na kalli faifan tarihin Ray Harryhausen, wanda Bafaranshen nan Gilles Penso ya shirya a 2011, mai suna Ray Harryhausen: Special Effects Titan. Wani abokina ne ya ara min, ya fi wata a kan tebur yana shan ƙura. Na san wasu za su ce wane ne kuma wannan. To in ka taɓa zama a gidan kallo kana yaro ka ga Sinbad na gumurzu da ƙaton nan mai ido ɗaya, ƙaho a ka, ƙafafu irin na akuya, ka san aikinsa. Sunansa ne kawai bai iso gare ka ba.

Bari in fara da abin da ya dame ni. Faifan ya cika yabo. Manyan masu shirya finafinai ne suka yi layi: Steven Spielberg ya zo ya yaba, James Cameron ya yaba, Peter Jackson, Tim Burton, Guillermo del Toro, kowa da nasa kirarin, kamar ana walima. Ba ƙarya suka yi ba, amma bayan mutum na biyar ka riga ka san abin da na shida zai faɗa. Kuma ni da na kalli finafinan zan faɗi abin da ladabi ke hana manya faɗi: wasu daga ciki, in ka cire dodannin, sauran lami ne. Jarumai a sandare kamar an dasa su, labari na jan ƙafa, kana ta jiran dodo ya fito ya cece ka daga gyangyaɗi.

Inda faifan ya kama ni shi ne duk lokacin da manyan suka yi shiru aka bar tsohon da 'yan tsanarsa. Abin da ya hana mu fita fitsari da dare muna yara, ashe ɗan abu ne da za ka ɗauka a hannu, roba a waje, ƙarfe mai gaɓoɓi a ciki. Mahaifinsa ne ya yi shekara da shekaru yana ƙera masa ƙarafan nan, mahaifiyarsa kuma ta ɗinka wa 'yan tsanarsa na farko tufafi. Sana'ar gida ce tun asali. An haife shi a Los Angeles a 1920, ya ga King Kong a 1933 yana ɗan shekara goma sha uku, daga nan bai ƙara samun sukuni ba sai da ya gano yadda aka sa goggon birin nan tafiya. Daga baya ya yi aiki a ƙarƙashin Willis O'Brien, wanda ya motsa birin na King Kong, a Mighty Joe Young na 1949.

Ga yadda aikin yake, don a nan ne nake so a tsaya. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce. Sai ya lanƙwasa hannun 'yar tsana kaɗan, ya ɗauki hoto ɗaya, ya sake taɓawa, ya sake ɗauka. A Jason and the Argonauts na 1963 akwai faɗan ƙwarangwal bakwai da mutum uku. Kowane ƙwarangwal na da kai, hannu biyu, ƙafa biyu, wato wuri 35 ke nan zai taɓa kafin ya ɗauki hoto guda. Akwai ranar da zai wuni bai wuce hoto 13 ba, rabin daƙiƙa da ɗoriya. Wata huɗu da rabi ya yi a kan faɗan da bai kai ka gama shan kofin shayi ba. Kuma babu kwamfutar da za ta tuna masa inda ya tsaya. In an yi sallama ya juya, ya manta ko takobin nan sama yake tafiya ko ƙasa, shi ke nan an samu matsala. Sannan dole takobin ƙwarangwal ya haɗu da na ɗan wasan da aka riga aka ɗauka watanni baya yana saran iska, don haska hoton mutanen yake yi a ƙaramin allo bayan 'yar tsanar, ya daidaita su hoto bayan hoto. Dabarar da aka raɗa wa suna Dynamation ke nan. Kusan duk shi kaɗai yake yi a ɗaki, sai a Clash of the Titans na 1981, fim ɗinsa na ƙarshe, ya yarda aka kama masa.

Masu cewa ai yanzu kwamfuta ta fi shi santsi, na yarda, ta fi. Motsin nasa na da ɗan tsalle-tsalle, yaro ma zai gane ba gaske ba ne. Amma ni wannan ɗin ne ke sa tsigar jikina tashi. Dubi Medusa, dodanniyar Clash of the Titans, gashin kanta macizai, kowanne na murɗawa da kansa, tana jan jiki a cikin hasken wuta da kwari da baka. Ba ta tafiya kamar wata halitta da ka sani, kuma haka ya kamata. Dodannin yanzu ina ganinsu ina cin gyaɗa.

Sau da yawa in ana hirar siddabarun aljanu a finafinanmu na Hausa, amsar ɗaya ce: babu kuɗi, babu kayan aiki. Gaskiya ne babu. Sai dai a 1955, a It Came from Beneath the Sea, kuɗi suka gaza har dabbar tekun nan mai hannu takwas ya yi mata shida, ya riƙa ɓoye jikinta a ruwa yadda mai kallo ba zai ƙirga ba. Kuma Sinbad ɗin da ya yi wa fim uku, daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗauko shi, littafin da kakanninmu suka sha karantawa da Hausa. Wani a Amurka ya ga abin yi a ciki.

Sai 1992 aka ba shi Oscar na girmamawa, shekara goma sha ɗaya bayan ya ajiye aiki. Ya rasu a Landan a 2013. Da faifan ya ƙare na nemo faɗan ƙwarangwal ɗin na sake kallo, ina tsayarwa ina matsawa. A jikin garkuwar ɗaya daga cikinsu akwai zanen dabbar tekun nan tasa ta 1955. Na sha kallon wurin tun ina yaro, ban taɓa lura ba sai jiya.